Maratayin Zomo: Aikin Kansila a Ƙasar Kura da Bunkure

(Wannan ita ce laccar da wani tsohon kansila daga yankin noman rani na Kura da Bunkure ya gabatar a gaban ɗalibai. Mun buga ta kamar yadda ya karanta. Edita)



Da takardar gayyatarku ta iske ni, sai da na juya bayanta na sake duba sunan da aka rubuta, domin na ɗauka ɓatan kai ta yi. A iya sanina, irin wannan mumbari na shaihunan malamai ne da kwamishinoni da manyan alƙalai. Ni kuwa iyakar muƙamin da na taɓa riƙewa shi ne kansila, wato matakalar ƙarshe ta tsanin mulki, wadda take taɓa ƙasa, wadda kuma kowane mai hawa ita yake fara takawa. Shekara uku na yi a kai. Sakatarenku ya rubuto mini tambayoyi biyu: me yake kai mutum neman wannan kujera, kuma me yake yi a kanta daga safiya zuwa dare? Zan amsa gwargwadon abin da idona ya gani. Amma ku yi mini uzuri, ba zan ambaci sunan mazaɓata ba, ko sunayen waɗanda muka yi aiki tare, domin yawancinsu suna nan da ransu, gobe ma za mu haɗu a wurin ɗaurin aure ko jana'iza.

Bari in fara da ƙasar, domin ba za a fahimci kansilanmu ba sai an fahimci ruwanmu.

Duk wanda ya bar Kano ya kama hanyar Zariya a tsakiyar rani, lokacin da ko'ina ya bushe ya yi fari fat, kafin ya yi tafiyar awa guda zai ga ƙasa ta sauya kamanni. Daga wajen Karfi zuwa Kura, zuwa Kadawa da Kwanar Gafan, dama da hagu kore ne shar: tumatir, albasa, masara, alkama. In damina ta sauka kuma, shinkafa ce iyakar ganinka. Haka abin yake ta ɓangaren Bunkure. Wannan ruwa daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gama a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, bayan ƙaramar madatsar Bagauda da aka fara gwaji da ita a Kadawa. Ruwan yana gangarowa da kansa ta babban kanal, ba inji, ya ratsa Ruwan Kanya, ya rabu reshen gabas da reshen yamma, sa'an nan ya yi ta rarrabuwa cikin ƙananan magudanai har ya kai bakin gonar mutum. An tsara kashi na farko na aikin ya shayar da hekta 22,000. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda aka karɓi gonakinsu na gado, manyan motoci suka baje su, aka yanka su gida-gida, aka mayar wa kowa da nasa bayan an rage abin da hanyoyin ruwa da na mota suka ci. Har yanzu akwai dattawan da za su nuna maka inda kukar kakansu take a da.

To, ga wani abu da nake so ku riƙe. A shekarar 1976 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta yi gyaran ƙananan hukumomi, aka rushe tsarin En'e, aka shimfiɗa tsari iri ɗaya a duk faɗin Nijeriya, aka kuma yi zaɓen farko a watan Disamba ba tare da jam'iyyu ba. Wannan shi ne asalin kujerar da na zauna a kai. An ce an yi ta ne domin a kawo gwamnati kusa da talaka. Amma a cikin wannan shekarar dai aka kafa hukumomin raya koguna, ciki har da ta Haɗeja da Jama'are, daga baya kuma aikin noman rani na Kogin Kano ya koma hannunta. Wato a shekarar da aka ba ƙauye wakili, a shekarar aka kafa hukumar da za ta riƙe ruwan ƙauyen da sunan Gwamnatin Tarayya. Bayan shekara biyu, a 1978, dokar ƙasa ta zo ta sanya ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Saboda haka manomin Kura ko Bunkure yana da iyayengiji uku: ruwansa na Tarayya ne, takinsa da tallafinsa yawanci daga jiha suke zuwa, ita kuwa ƙaramar hukuma, tsarin mulkin 1999 ya jera mata kasuwanni, da tashoshin mota, da maƙabartu, da ƙananan hanyoyi da magudanai, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, tare da sa hannu a sha'anin makarantun firamare da aikin gona da lafiya. A cikin iyayengijin nan uku, guda ɗaya ne kawai manomi ya san ƙofar gidan wakilinsa. Hausawa suka ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Kansila shi ne maratayin.

Yanzu sai tambayarku ta farko. Me ya kai ni?

Da a wurin yaƙin neman zaɓe kuka tambaye ni, da na ce kishin jama'a, na yi shiru. Amma nan makaranta ce, ba a zo neman ƙuri'a ba. Gaskiyar magana, abu uku ne suka cakuɗe a zuciyata, har yau kuwa ban iya tsame ɗaya daga cikin sauran ba. Na farko wani kwalbati ne. Akwai hanyar da ta fito daga gonakinmu zuwa bakin titi, ta tsallaka wani magudanin da yake kwashe ragowar ruwan gonaki. Kwalbatin wurin ya rufta tun ina malamin firamare. Mota ba ta iya shiga, sai a ɗauko kwandunan tumatir a ka ko a kan babur, a yi ta jigila, rana tana dukansu, dillali yana tsaye a bakin titi yana rage kuɗi duk bayan awa. Na taɓa ganin wani maƙwabcina ya zubar da kwando bakwai a cikin magudanin nan, ya zauna a gefe ya haɗa kai da gwiwa. Na ce a raina, wannan ai aikin buhun siminti kaɗan ne da rodi, in na samu kujera wata uku ya yi yawa. Na biyu, dattawan unguwarmu ne suka taso suka same ni, suka ce an daɗe ana ɗaukar kansila daga ɗaya ɓangaren mazaɓar, yanzu lokacinmu ne, ni ne kuma mai takardar shaida a cikin 'ya'yansu. Wanda ya tashi a ƙauye ya san ba a mayar da irin wannan aike hannu rabbana. Na uku kuwa, kada in ɓoye muku, ina son a ce mini Onarabul. Ina son in shiga taro a tashi a ba ni kujera. Albashin kuma ya fi na malamin makaranta.

A cikin abokan zamana na majalisa na ga irin wannan cakuɗa, sai dai ma'aunin kowa daban. Akwai wanda ya ɗauki kujerar matakala, idonsa yana kan ta ciyaman ko majalisar jiha tun ranar rantsuwa. Akwai wanda ladan wahala aka ba shi, domin ya daɗe yana liƙa hotunan wani babba. Akwai kuma wani dattijo manomin shinkafa, bai yi boko mai zurfi ba, wanda ban taɓa ganin mutum mai tsoron haƙƙin jama'a irinsa ba. Shi ne kullum yake cewa a karanta masa takarda da Hausa kafin ya sa hannu, muna yi masa dariya. Zan dawo kan wannan dariya.

Game da yadda ake hawa kujerar, ku ɗalibai ne, kun iya lissafi. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. A zaɓen 2021 jam'iyyar APC, wadda take mulkin jihar a lokacin, ita aka bayyana ta lashe dukkan kujerun ciyaman da na kansila. A zaɓen Oktoba 2024 jam'iyyar NNPP, wadda take mulki a lokacin, ita ma aka bayyana ta lashe su duka. Ba Kano kaɗai ba, haka ake gani a galibin jihohi, ko wace jam'iyya ce a sama. Ma'anar wannan ga mai neman kansila ita ce, ainihin zaɓensa ba ranar jefa ƙuri'a ake yinsa ba, ranar da jam'iyya ta tsayar da shi ne. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Ka hau kujera da bashi biyu a wuyanka, na waɗanda suka rubuta sunanka da na waɗanda kake wakilta, sau da yawa kuma ba rana ɗaya suke zuwa karɓa ba. Ranar da suka zo tare, a nan ake gane mutum.

Sai tambaya ta biyu, wato aikin yau da kullum.

Ofishin kansila na gaskiya soron gidansa ne. Kafin in dawo daga sallar asuba, tabarma ta cika. Wannan matarsa tana naƙuda tun jiya, yana neman kuɗin mota zuwa asibiti. Wannan ɗansa ya ci jarrabawa, ana neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma. Wannan an kama ƙaninsa a kan rigimar iyakar gona, in zo in tsaya masa. Wannan rijiyar burtsatsen unguwarsu ta lalace. Wannan shanu sun shiga albasarsa da dare. Wannan kuwa ba abin da ya kawo shi, ya zo gaisuwa ne kawai, amma gaisuwar ba ta ƙarewa sai an sallame shi. A cikin goma, da wuya ka sami biyu da doka ta ce aikin kansila ne. Aikin kansila a takarda shi ne zama a majalisa, yin dokokin ƙaramar hukuma, amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido a kan ciyaman da kansiloli masu gafaka. Amma wa zai kalli mutumin da matarsa take kan gwiwa ya karanta masa tsarin mulki? Sai ka sa hannu a aljihu. Kafin goma ga wata albashi ya ƙare, sai ka koma cin bashi, mutane kuwa suna ganin ka da sabuwar hula suna cewa ya samu ya ɓoye. Uwargidana ta taɓa ce mini, "Malam, da kana koyarwa mun fi cin nama." Ban musa mata ba.

Bayan wata biyu na sayi babban littafi, na riƙa rubuta sunan duk wanda ya zo, da abin da ya kawo shi, da abin da na yi a kai. Wannan littafi ya koya mini abin da ban sani ba game da mazaɓar da aka haife ni a cikinta. Da na riƙa juya shafukansa sai na ga kuɗin magani ya fi komai yawa, kuma cuta biyu ce take maimaituwa: zazzaɓin cizon sauro, wanda a wurinmu ba ya jiran damina tunda ruwa ba ya yankewa, da kuma tsargiya. Yaranmu a kanal suke wanka, a nan suke wasa, manya kuma a ciki suke yini suna ban ruwa. Yaro zai riƙa fitsarin jini, wasu iyayen ma su ɗauka alamar girma ce. Ƙwayar cutar kuwa a jikin wasu ƙananan dodon-koɗi take girma, waɗanda suke maƙale a ciyawar bakin kanal. Na ɗauki littafin nan na kai wa ma'aikatan lafiya, muka zaga makarantun mazaɓar tare, muka roƙi limamai su yi magana ranar Juma'a domin iyaye su bar 'ya'yansu su sha maganin da ake rabawa. Ba wanda ya yi mini kirari a kan wannan, ba a kuma kafa allo da sunana ba. Amma in an tambaye ni abin da na yi wanda na tabbata ya yi amfani, shi nake fara tunawa.

Abin da ya fi ba ni wahala kuwa a shekara ukun nan, rigimar ruwa ce, zan ɗan tsaya a kanta.

Ku sani cewa a kan kowane ƙaramin kanal akwai mutanen kai da mutanen wutsiya. Na kai su ne gonakinsu suke kusa da ƙofar ruwa, na wutsiya su ne na can ƙarshe. In ruwa ya wadata, kowa ɗan'uwan kowa ne. Amma in zafi ya tsananta a watan Maris, ga laka ta cike kanal, ga ciyawar kacala ta toshe shi, sai ruwan da yake isowa ya ragu. Na kai su sha su ƙoshi, na wutsiya su wayi gari suna kallon shukarsu tana sunkuyar da kai. A shekarata ta farko abin ya kai wasu daga cikin na kai suna jera buhunan yashi cikin dare su tare ruwan baki ɗaya, samarin wutsiya kuma su zo su yaye. Wani dare aka haɗu, aka ɗaga fartanya, aka fasa wa wani yaro kai. Wajen ƙarfe biyu na dare aka buga mini ƙofa. Na fito na tarar da mutum kusan ashirin, wani a cikinsu ya ce, "Onarabul, ko ka ba mu ruwa ko gobe a ɗauki gawa."

Jama'a, ba ni da makullin ƙofar ruwa. Ba ni da ikon ƙara ko da cokali guda a kan abin da ake sakowa daga Tiga. Ba ni da ɗan sanda, ba ni da kotu. Abin da nake da shi kawai shi ne na san kowa a cikinsu, na san ubansa, na san wanda yake auren ƙanwar wani. Da gari ya waye na tafi wurin dagaci na faɗi na yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, wannan wuta ta fi ƙarfina ni kaɗai." Ya haɗa ni da wakilinsa da masu unguwanni biyu. Muka ɗauki liman, muka nemo shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa, muka roƙi ma'aikacin da yake kula da ƙofar ya zo ya bayyana wa mutane da bakinsa yawan abin da yake samu da ranakun da yake samunsa. Kwana uku muna zama a gindin wani mangwaro. A ƙarshe aka yanke cewa za a raba kwanakin mako, in ranar 'yan wutsiya ce na kai su ɗauke bututunsu har ruwa ya isa ƙarshe, kuma duk wanda yake da gona a kan kanal ɗin zai fito gayya ko ya aiko da ɗansa, a yashe laka a sare kacala. Ni na sayi gari da ƙuli-ƙuli da sukari na masu gayya.

Ga inda gizo yake saƙar. Jagoran mutanen kai kawuna ne, wan mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya fi kowa gona a wurin, shi kuma ya fi kowa asara a wannan rabo. A gaban jama'a ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ni na riƙa goya ka a keke ina kai ka makaranta, yau ni za ka auna wa ruwa?" Na durƙusa na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba ni nake aunawa ba, jama'a ce." Ya kaɗe rigarsa ya tafi. Shekara guda cur ba ya amsa gaisuwata, mahaifiyata tana kuka tana cewa siyasa ta raba ta da ɗan'uwanta. Mun shirya daga baya, amma gidansa kaf ba su sake yi mini kallon ɗan takara ba. Tsarin rabon kwanakin kuwa ya riƙe har ƙarshen wannan rani, aka kuma koma gare shi a na gaba.

Ba zan so ku ɗauka ƙaramin abu ne a sami wanda zai zauna a gindin mangwaro ba. Masu karatun tarihi a cikinku sun san abin da ya faru a Bakolori, wajen Talata Mafara, a watan Afrilu 1980, lokacin da manoman da aikin madatsar ruwa ya cinye gonakinsu suka tare hanyoyi suna neman diyya, aka aika musu da 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka yi asarar rayuka masu yawa. Koke ne aka bari ya yi ta taruwa ba mai ɗauka, har ya fashe.

Akwai kuma ranar da ko zaman gindin mangwaro ba ya magani. A 2016 wata tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta faɗa wa tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Gona tana kore yau, bayan 'yan kwanaki ta zama kamar an bi ta da wuta. Kamfanin sarrafa tumatir na Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a wannan shekarar sai da ya dakatar da aiki saboda rashin tumatir. Mutanen da suka ci bashi suka yi shuka suka cika mini soro. Na rubuta sunayensu da girman gonakinsu, na buga a takarda, na kai duk inda ƙafata za ta iya kai ni. Abin da na iya ke nan. Na koyi cewa wani lokaci aikin wakili bai wuce ya zama shaida ba, ya tabbatar an rubuta cewa abu kaza ya sami mutane kaza.

To, ina majalisar take a cikin duk wannan? Tana nan, muna zama, akwai shugaban majalisa, akwai akawu, akwai sanda. Ana kawo kasafin kuɗi, mu yi muhawara, kowa ya yi faɗa a saka aikin mazaɓarsa. Sau uku ana saka kwalbatina a cikin kasafi, sau uku shekara tana ƙarewa ba a zuba ko shebur ɗaya na yashi ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, ta nan kason ƙananan hukumomi daga asusun Tarayya yake bi. A zamanin da na yi, in an cire albashin malaman firamare da na ma'aikata da sauran abubuwan da ake yankewa tun daga sama, abin da yake isowa ba ya taka kara ya karya, aiki mai ɗan girma kuma sai an nemi izini. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda gwamna ya rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi ba. Na yi murna da wannan hukunci. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ko da kowace kwabo ta sauka a asusun ƙaramar hukuma, in kansiloli goma da suke zaune a majalisa ba sa karanta abin da suke sa wa hannu, to an dai sauya wa kuɗin hanya ne kawai.

Na ce zan dawo kan dariyar da muke yi wa dattijon nan. Wata rana aka kawo mana wata takarda ana gaggawa, aka ce ta amincewa da kuɗin wasu ayyuka ce, mu sa hannu kafin azahar. Ni mai takardar shaidar malanta na sa hannu ban karanta ba, domin kada a ce ina da taurin kai. Shi kuwa ya ce sai an fassara masa. Da akawu ya fara karantawa sai ga sunan wata hanya a mazaɓar dattijon a cikin ayyukan da aka ce an kammala. Ya ce, "Ikon Allah! Da safen nan na biyo ta, har babur ɗina ya kafe." Ɗakin ya yi tsit. Ranar na ji kunyar bokona.

Akwai wata kunyar da ta fi wannan, ita ma gara in faɗa da bakina. An taɓa ba kowace mazaɓa kason taki mai rangwame, ɗan kaɗan, aka ce kansila ya kawo sunaye. Na zauna na rubuta waɗanda na san suna da buƙata, ciki har da wata gwauruwa da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da 'yar gonar shinkafa. Da dare wasu daga cikin waɗanda suka yi mini wahala a lokacin zaɓe suka zo, suka ce ba su ga sunan wane ba, alhali shi ya tsare mana akwati. Na ja, suka ja. Daga ƙarshe na soke sunan matar nan na sa nasa, na san kuwa ba gona zai kai ba, kasuwa zai kai. Bayan kwana biyu na gamu da ita a hanya ta ɗauko itace. Ta riga ta ji. Ta rusuna ta ce, "Sannu da aiki, Onarabul, Allah ya ƙara girma." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na saya mata buhu guda da kuɗina daga baya, amma wannan sadaka ce, abin da na soke kuwa haƙƙinta ne.

Ƙannena, na san a cikinku akwai 'yan Kura da Bunkure da Garun Malam, akwai kuma na sauran ƙauyuka masu irin halinmu. Abin da zan roƙe ku kaɗan ne. In kun je hutu, ku shiga sakatariyar ƙaramar hukumarku ku nemi kasafin kuɗin shekara. Za a yi muku kallon mamaki, wataƙila a ce mai makullin ba ya nan, ku koma gobe. In kun samu, ku fassara abin da ya shafi mazaɓarku da Hausa, ku karanta wa mutane a dandali, sa'an nan ku taka da ƙafarku ku je ku ga ko aikin yana ƙasa. Ku tambayi kansilanku ranar da majalisa take zama da abin da ya faɗa a zaman da ya wuce, maimakon ku tambaye shi kuɗin mota. Wanda kuma yake da niyyar tsayawa takara a cikinku, ina ba shi shawara ya riƙe sana'arsa, domin abokan zamana da ba su da abin yi sai kujerar, su ne ban taɓa jin sun ce a'a ba.

Wani zai tambaya, ina labarin kwalbatin? An gina shi, amma bayan na sauka. Manoman da suke bin hanyar ne suka yanke wa kansu wani abu a kan kowane kwando da ya fita, suka damƙa wa liman ajiya har rani biyu. Wani ɗalibi ɗan garinmu mai karatun injiniya, da ya zo hutu, shi ya auna faɗin magudanin ya faɗa musu yawan rodi da siminti, ya kuma hana magini rage kauri. Ni aikin da aka ba ni shi ne rubuta sunan wanda ya biya da wanda bai biya ba, a cikin ragowar shafukan littafin nan nawa. Ga shi ma na zo da shi, duk mai son dubawa bayan an tashi yana iya zuwa, sai dai zan rufe sunayen mutane da hannuna.

Shugaba, na ga kana duban agogo.